Yadda Ake Haɗa Littafin Tunawa na Ajin Ƙarshe a Jami'a

Duk wanda ya taɓa halartar ranar da ɗalibi ke kare kundin bincikensa a gaban malamai, wato ranar sutnansi kamar yadda muke kiranta a nan Maraɗi, ya san cewa farin cikin ranar yana tafe da rabuwa a cikinsa. Ana fitowa daga ɗakin a yi hotuna da iyaye da abokai, a raba lemo da cincin, washegari wannan ya kama motar Tasawa, wancan ta Dakwaro, wata ta nufi Damagaram ko Yamai. Da yake ba rana ɗaya kowa ke karewa ba, ajin yakan zube ne da kaɗan-kaɗan, har a wayi gari babu mai iya cewa ga ranar da aka yi sallama. Ajinmu haka ya watse. Sai bayan mun rabu tunanin tattara labaranmu a littafi ɗaya ya zo mana, muka yi ta bin mutane a waya, wasu lambobinsu sun daina shiga, wasu sun yi alkawarin aiko da rubutu amma hidimar duniya ta sha kansu, abin da muka samu a ƙarshe bai kai abin da ya kuɓuce mana ba. Tun daga lokacin nake taimaka wa ƙannenmu masu shirin fita su yi nasu a kan kari, kuma hanyar da na ga tana kaiwa ga biyan buƙata ita zan shimfiɗa a nan.

Littafin tunawa ɗan ƙaramin littafi ne da ƴan aji ɗaya ke haɗawa da kansu, kowa da shafinsa, inda za a ga hotonsa, da abin da ya gani a shekarun karatu, da abin da yake niyyar yi bayan fita. Darajarsa duka tana ga abu ɗaya, wato a rubuta abin da ya faru da gaske da abin da ake shirin yi da gaske, domin littafin da aka cika shi da yabon kai da kalmomin ado ba ya wuce mako guda a hannun mai shi kafin ya shige ƙarƙashin akwati.

A tsarin LMD (lisansi, masta, dakta) da jami'o'in Nijar ke bi, lisansi, wato digirin farko, shekara 3 ce mai zango 6, masta kuma shekara 2. Lokacin fara aikin shi ne makonnin farko na zangon ƙarshe, sa'ad da kowa ke zuwa anfi, wato babban ɗakin lacca, kullum, kafin a rarrabu zuwa wuraren istaji, wato koyon aiki a aikace. Wanda ya san Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ya san yadda wannan rarrabuwa take: ɗaliban aikin gona da muhalli su bazu cikin ƙauyuka ko su tare a cibiyar binciken INRAN ta Tarna, ɗaliban IUT, wato cibiyar koyon fasaha ta jami'ar, su shiga kamfanoni da ma'aikatu, masu karatun likita kuma, waɗanda tafiyarsu ta fi ta kowa tsawo, kwanan asibiti ya ɗauke su. Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe. Ku ba aikin wata biyu zuwa uku, ku kauce wa makon jarrabawa da goman ƙarshe na azumi, ku kuma tuna cewa da ruwan farko ya sauka akwai waɗanda gida za ta kira su shuka, kuma babu littafin da zai tsayar da su.

Aikin yana buƙatar mutum huɗu ko biyar, kada su fi haka, domin taro in ya yi yawa magana ake yi ba aiki ba. Ana neman mai riƙe kuɗi wanda ajin ya yarda da amanarsa, da mai kwamfuta da ya iya tsara shafi, da mai kyakkyawan rubutu a Hausa da Faransanci, sannan masu yin hira, namiji da mace. Kasancewar mace a cikinsu wajibi ne, saboda akwai maganar da ɗaliba ba za ta taɓa faɗa wa namiji ba ko da shekara uku suka yi a benci ɗaya. Ba dole ne shugaban aji ya jagoranci aikin ba. Shi ya riga ya gaji da kai da kawowa tsakanin malamai da ɗalibai, kuma sau da yawa akwai masu jin haushinsa kan abin da ba laifinsa ba ne. Amfaninsa a nan shi ne jerin sunayen da ke hannunsa.

Jerin da za ku nema shi ne na shekarar farko, domin na shekarar ƙarshe ya riga ya tace mutane. A cikin na farkon ne za ku tarar da wanda ya maimaita aji, da wadda aure ya kai ta wani gari, da wanda rasuwar mahaifi ta mayar da shi kasuwa don ya riƙe ƙannensa, da wanda Allah Ya yi wa rasuwa. Duk waɗannan ƴan ajinku ne. Ku neme su, ku yi musu tayin shafi kamar kowa, wanda ya ƙi kada a matsa masa, amma kada ya ji daga bakin wani cewa an yi littafi ba a tuna da shi ba. Na ga yadda wani da ya bar karatu tun a shekara ta biyu ya karɓi irin wannan kira, kuma labarin da ya bayar na yadda ya kafa ɗan shagonsa ya zama shafin da aka fi komawa kansa.

Yanzu sai babban aiki, wato yadda ake sa mutum ya tuna. Idan kuka raba takarda mai tambayar "me za ka tuna game da jami'a?", amsa ɗaya za ta dawo muku daga kowa: godiya ga Allah, godiya ga iyaye da malamai, da fatan alheri ga abokai. Duk wannan gaskiya ne, amma ba ya bambanta wani da wani, kuma godiyar ana iya ba ta shafi guda a farkon littafin da sunan ajin baki ɗaya. Tunani ba ya buɗewa sai an taɓa shi a wuri ƙayyadadde. Ku tambayi mutum ranar da ya fara sauka Maraɗi, wace mota ta kawo shi, wa ya tarbe shi a tasha, a wace unguwa ya kwana daren farko, Zariya ce ko Ali Ɗan Tsoho ko Bagalam, kuma me ya ci. Ku tambaye shi darasin da ya kusa kayar da shi da wanda ya zauna ya warware masa shi. Ku tambaye shi watan da aljihunsa ya bushe ƙaƙaf, wa ya ba shi tikitin cin abinci, wace mai tuwo ce ta yi masa lamuni ba ta taɓa tona shi ba. Ku tambaye shi inda yake karatun dare in ɗaki ya yi zafi a watan Afrilu, da abin da ya faɗa wa mahaifiyarsa a waya ranar da sakamako ya fito ba daɗi. Irin waɗannan tambayoyi su ne ke fito da sunan wuri da ɗanɗanon abinci da maganar da aka yi, kuma su ne abin da mutum zai nema bayan shekara ashirin.

Akwai kuma abubuwan da suka faɗo wa garin duka, waɗanda kowane aji ya kamata ya rubuta yadda shi ya gan su. Waɗanda ke karatu a 2023 sun ga sauyin mulki na 26 ga Yuli, da takunkumin ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, CEDEAO, da ya biyo baya, lokacin da aka rufe iyakar da ke tsakaninmu da Jibiya da Katsina, Najeriya kuma ta katse wutar lantarkin da take ba mu, har zuwa cire takunkumin a watan Fabrairun 2024. Ga ɗalibi wannan ba labarin rediyo ba ne kawai, domin shi ne ya yi ta neman inda zai caja waya da kwamfuta, shi ne ya ga kayan masarufi sun yi tsada a hannunsa, wani kuma sana'ar mahaifinsa da ta dogara da hanyar Ɗan Isa ce ta tsaya cik. Sannan ga ruwan ƙarshen watan Agustan 2024 da ya rusa gidaje ya ɗauki rayuka a cikin birnin Maraɗi, a daminar da ambaliya ta sa aka ɗage komawar makarantu a ƙasar zuwa 28 ga Oktoba. Ku ware shafi biyu ko uku ga irin waɗannan lokuta, ku tattara abin da mutane dabam-dabam suka gani da idonsu, ku bar sharhin siyasa ga masu yinsa. Abin da ake so shi ne ina kake a ranar, me ka rasa, wa ya ba ka wurin kwana.

Hira ta fi takarda, nesa ba kusa ba. Mutanenmu masu baki ne, kuma wanda zai yi awa guda yana ba da labari a fada, ana zuba shayi na ɗaya da na biyu, in ka miƙa masa biro sai ya rubuta layi uku ya tsaya. Saboda haka mai hira ya zauna da mutum biyu ko uku da suka saba da juna, ya nemi izininsu ya ɗauki murya da waya, ya yi tambaya ya yi shiru. Yin shirun shi ne abin da ya fi wuya, domin mai tambaya yakan so ya ƙarasa wa mutum maganarsa, alhali abin da ya fi daraja yakan fito ne bayan ɗan jim ɗin da mai magana ya yi. Wanda ya riga ya tafi istaji sai ya aiko da saƙon murya ta WhatsApp, a tura masa tambayoyin ɗaya bayan ɗaya, kada a jibga masa su gaba ɗaya. A rubuta hirar a daren ranar ko washegari, tun sautin maganar yana kunne.

Ina so in ja hankalinku musamman ga waɗanda ba su saba magana a taro ba. Kowane aji yana da masu surutu da kowa ya san labarinsu, kuma in ba a yi hattara ba su ne za su cika littafin. Amma akwai ɗalibar da ta yi goyo tana karatu, tana barin jariri wurin kakarsa ta zo darasin safe; akwai wanda yake kabu-kabu daga la'asar zuwa dare don ya biya hayar ɗaki; akwai wanda ya zo daga Difa ko Agadas bai iya Hausar Katsinawa ba, aka yi ta yi masa dariya kafin ya goge. Waɗannan su ne za a fara bi, a kuma ba su lokaci fiye da kowa.

Rabi na biyu na kowane shafi shi ne na abin da ke gaba, kuma nan ne na fi ganin ana tafka kuskure. In aka tambayi matashi burinsa a gaban tsaransa, kunya da gasa kan sa ya ambaci babban abu: zai zama shugaban kamfani, zai yi digirin dakta a Faransa, zai kawo wa ƙasa ci gaba. Babu laifi a buri, a rubuta shi. Amma a bi shi da tambaya ta biyu, wadda ita ce ta gaskiya: daga ranar da ka karɓi takardar shaidarka zuwa wata shida, a ina za ka kwana, me za ka yi da safe in ka tashi, kuma da me za ka ci? A nan ne hanyoyin da muka sani za su bayyana. Wani zai nemi gurbin masta a nan gida, ko a Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, ko ya tsallaka Najeriya. Wani zai ajiye takardunsa don aikin bautar ƙasa, sarbis sibik, wanda shekara 2 ne. Wani zai shiga koyarwa ta kwantiragi, wata za ta jira a buɗe konkur, wato jarrabawar shiga aikin gwamnati, wani zai je ofishin ANPE ya yi rajistar masu neman aiki. Da yawa kuma, tun da Maraɗi garin fatauci ne, za su koma shagon uba ko na kawu, ko su gwada sayen aya da riɗi da wake a kaka su ajiye, ko su fara kiwon jar akuyar da garin nan ya yi suna da ita. Akwai masu shirin aure da zarar an gama, akwai kuma waɗanda amsarsu ita ce ba su sani ba tukuna.

Wannan amsa ta ƙarshe ku rubuta ta yadda take, ku kuma nuna wa mai ita cewa ba abin kunya ba ce. Hanya mafi sauƙi ita ce ku masu haɗa littafin ku fara rubuta naku shafukan da gaskiya, ku karanta wa ajin, domin in mutane suka ji wanda ke kan gaba a jarrabawa ya ce shi ma gidan yayansa zai zauna yana jiran abin da Allah zai yi, sai kowa ya sauke kafaɗa. Haka kuma kada a tsara shafukan ta yadda mai tafiya masta zai zo gaba, mai komawa gona ya zo baya. A bi harafin farkon suna kawai. Wanda ya karanta aikin gona ya koma gonar gidansu a Gazawa ko Mayayi da abin da ya koya, a yankin da manoma suka farfaɗo da itatuwan gonakinsu ta hanyar sassaben zamani tun shekarun 1980, ba ya bayan kowa.

Tambaya ta uku ita ce wadda ke mayar da littafin abin amfani, ba abin kallo kawai ba: me kake buƙata, kuma me kake da shi da wani ɗan ajin zai amfana? Wani yana da ɗaki a Yamai inda mai zuwa rubuta konkur zai iya sauka kwana uku. Wata mahaifinta yana da fili kusa da Gulbi da ba a noma shi da rani. Wani ya iya Ingilishi zai iya duba wa mutum takardar neman gurbin karatu, wani yana neman abokin haɗa jari, wata tana neman wanda zai sanar da ita in an buɗe ɗaukar ma'aikata a wani gari. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma mafi yawan labarin aikin da na ji a rayuwata daga bakin abokin karatu na ji shi kafin in gan shi a manne a bango. In aka rubuta waɗannan buƙatu da tayi a ƙasan kowane shafi, wanda ya shiga wani hali bayan shekara guda ya san wanda zai kira ba tare da ya ji kamar roƙo yake yi ba, tun da shi mai tayin ne ya fara buɗe ƙofa.

A ƙarshen wannan sashe yana da kyau a ƙara shafi guda na takardun da kusan kowace hanya ke nema, wato takardar haihuwa, da ta shaidar zama ɗan ƙasa, da kofen takardun karatu da hukuma ta buga wa hatimi, da takardar kotu mai nuna ba a taɓa kama mutum da laifi ba, wadda galibi ba a karɓar wadda ta wuce wata 3. Wanda aka haifa a wani gari mai nisa ya fara neman nasa tun yanzu.

Za ku haɗu da waɗanda za su ƙi faɗin shirinsu, ba don ba su da shi ba. Mun taso ana gaya mana cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, kuma iyaye da yawa sukan gargaɗi ƴaƴansu kada su bayyana tafiya ko aure ko neman aiki kafin abin ya tabbata, don gudun baki da hassada. Kada ku yi musu da mai wannan ra'ayi, kada kuma ku mayar da shi abin dariya. Ku ba shi takarda da ambulan, ya rubuta abin da yake so, ya liƙe, ya sa sunansa a baya, a ajiye wurin wanda ajin ya amince da shi har ranar da aka sa za a sake haɗuwa, sannan a mayar masa da abinsa a rufe, in ya ga dama ya karanta wa jama'a. A shafinsa kuwa sai a bar abin da ya yarda a sani. Na lura cewa da an kawo wannan shawara, har waɗanda suka faɗi shirinsu a fili sukan nemi su ma a ba su ambulan, domin kowa yana da abin da ba ya iya faɗa sai wa kansa.

Wajen gyaran rubutu, hannu ya zama mai sauƙi. A gyara kuskuren harafi, a rage maimaici, amma a bar wa kowa muryarsa. In Bagobiri ya yi magana da Gobiranci, in mutumin Damagaram ya kawo tasa kalmar, a bar su haka, domin da wannan ne abokai za su ji kamar shi ne a gabansu. Kowa ya zaɓi harshen da yake so. Ni dai ina ƙarfafa gwiwar a rubuta da Hausa duk inda mai labarin da Hausa ya ba da shi, domin zancen da aka yi a fada in aka juya shi zuwa Faransanci gishirinsa yakan tafi, kuma iyayen da suka sayar da hatsi da dabba don a yi karatun nan suna da haƙƙin a karanta musu su gane. Tun watan Maris na 2025 dokar ƙasa ta ɗauki Hausa a matsayin harshen ƙasa, bai kamata masu digiri su zama na ƙarshe wajen rubuta ta daidai ba. A sa allon rubutun Hausa a waya ko kwamfuta don a samu haruffa masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ da ƴ, a kuma gwada buga shafi ɗaya tun da wuri a ga ko sun fito, saboda wasu nau'o'in rubutun kwamfuta kan mayar da su ƴan akwatuna.

Akwai abin da ba ya shiga littafin ko da gaskiya ne. Ba a sa labarin soyayyar da ba ta kai ga aure ba, ba a sa bashin da ke tsakanin mutum biyu, ba a sa laƙabin da mai shi bai so, ba a kuma kama sunan malami ko ma'aikaci a cikin ƙorafi. Wahalar da aka sha ana iya faɗinta ba tare da an nuna wani da yatsa ba. Ku tuna cewa wannan littafi zai shiga gidajen aure, surukai za su buɗe shi, ƴaƴa za su karanta shi. Saboda haka kafin a buga, kowa a nuna masa shafinsa ya karanta ya ce ya yarda. Wadda ba ta son hotonta ya fito, ko mijinta ko mahaifinta bai so, a bar gurbin, ko a sa hoton wani abu da ta zaɓa, kamar littafinta ko kujerar da ta saba zama.

Shafin mamaci kuwa ba a yinsa daga nesa. Mutum biyu ko uku su shirya su je gidan, su gaida iyaye, su yi addu'a, sannan babba a cikinsu ya ce, "Baba, mu abokan karatun marigayi ne, muna haɗa littafin ajinmu, muna neman izininku mu sa sunansa da hotonsa tare da namu." In an yarda, a rubuta alherin da aka sani game da shi a taƙaice, a rufe da addu'a, kuma in littafin ya fito a kai wa gidan kofi guda hannu da hannu, kyauta.

Hotuna ba su da wuya. A ɗauka da safe ko bayan la'asar, a jikin bango ɗaya, da waya ɗaya mai kyau, a kuma aika su a matsayin fayil, domin hoton da aka tura ta hanyar da aka saba a WhatsApp yakan ragu ya dushe a takarda. A yi hoton ajin gaba ɗaya tun a makon farko. A ɗauki wuraren da ido ya saba da su har ya daina ganinsu, irin ƙofar shiga, da inuwar da ake jiran malami, da teburin mai shayi in ya yarda. Shafi guda na tarihin makarantar ya isa: shekarar 2010 da ta zama jami'a, da ɗan bayani kan wanda take ɗauke da sunansa, masanin kimiyya ɗan Maraɗi da ya riƙe ministan ilimi a zamanin Diori Hamani.

Maganar kuɗi ita ce ke raba abokai, don haka a yi ta a fili tun ranar farko. A je wurin masu buga takardu biyu ko uku a tambayi farashin shafi mai launi da marar launi da na ɗinki, sannan a yanke abin da kowa zai bayar. A ce ku 60 ne, kowa ya kawo jika guda, kun tara jika 60 ke nan, kuma wannan adadi ne zai faɗa muku yawan shafuka, ba son ranku ba. Mai riƙe kuɗi ya buɗe littafi, duk wanda ya bayar ya sa hannu, a karanta lissafin a gaban aji sau biyu kafin a gama. Wanda ba shi da hali a rufa masa asiri, masu hali su cike gurbinsa ba tare da an ambaci suna ba, kuma shafinsa da kofinsa su zama daidai da na kowa. In wani attajiri ko tsohon ɗalibi ya so taimakawa a karɓa a gode masa a layi ɗaya, amma kada a bari hotonsa ya hau bangon littafin, musamman in mai neman wata kujera ne. In kuɗin bai kai ba, a buga shafukan ciki ba launi, a yi wa bango kaɗai launi, sannan a raba wa kowa kofin PDF.

Lambobin waya kada su shiga littafin da aka buga, musamman na mata, tun da ba a san hannun da zai faɗa ba. A yi musu takarda dabam da za ta tsaya wurin mutum biyu, namiji da mace. Kowa ya ba da lambarsa, da lambar wani na gida da ba ya sauya layi, da sunan garinsu da unguwarsu, domin waya takan ɓace, layi yakan mutu, amma gidan uba yana nan inda yake. Wannan ne darasin da ajinmu ya koya bayan lokaci ya wuce.

Rabon littafin a yi shi kafin mutum na farko ya kare bincikensa, a taro ɗan ƙarami da za a yafi juna a cikinsa. A kai kofi ɗaya ɗakin karatu na jami'a, ɗaya ga shugaban sashe, ɗaya ga ajin da ke biye da ku don su ga yadda aka yi su gyara abin da kuka rasa. Muryoyin da aka ɗauka da ainihin hotunan a zuba su a wuri biyu dabam, kada a bar su a kwamfuta guda. A shafin ƙarshe kuma a rubuta ranar sake haɗuwa, a zaɓi lokacin da mutane ke dawowa gida da kansu, kamar kwana biyu bayan Babbar Salla ta shekara ta uku da fita, in Allah Ya kai mu, a rubuta wurin da za a haɗu, da sunan mai ajiyar ambulan ɗin, da sunan wanda zai karɓe su daga hannunsa in tafiya ta kama shi.